Soson da Aka Mayar a Bushe Ya Ci Mini Inji

Babur ɗina Yamaha AG200 ne, irin wanda aka ƙera domin gona da hanyar daji, kuma aikin duba gonaki da nake yi tsakanin Gumel da Maigatari da ƙauyukan Sule Tankarkar bai taɓa gagarar sa ba, duk da yashin wannan yanki. A hunturun da ya wuce ne ya kwanta, kuma abin da ya kwantar da shi ɗan soson matatar iska ne da aka wanke aka mayar ba tare da an shafa masa mai ba. Har yanzu idan na tuna kuɗin da na kashe a kan wannan sakaci sai raina ya ɓaci.

A wani shagon gefen hanya aka yi mini sabis. Yaron shagon ya ciro soson ya yi baƙi ƙirin, ya tsoma shi cikin fetur, ya murɗe shi, ya kaɗa shi a iska, ya mayar. Soson ya fito fes, kuma abin da ya fi ruɗarwa shi ne babur ɗin ya ƙara kuzari a kwanakin da suka biyo baya, domin busasshen soso ba ya tare iska. Duk wanda ya hau zai ce an yi aiki mai kyau. Sai bayan wasu makonni na ratsa burji da turɓaya a cikin hazo alamu suka fara fitowa: da safe sai an sha fama kafin ya tashi, kik ɗin ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, baƙin mai yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, daga baya kuma salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi.

Wani dattijon bakanike a Gumel ne ya gano matsalar, kuma bai ko taɓa sifana ba. Ya cire soson, ya zura yatsa cikin robar da ke kai iska zuwa kafireto (inda iska ke gauraya da fetur kafin su shiga inji), ya fito da shi ya nuna mini. Kan yatsan ya yi ja da wata ƙura mai laushi, wadda idan ka murza ta tsakanin yatsu biyu sai ka ji tana ƙaras-ƙaras. Ya ce, “Malam, wurin nan ko ƙwayar ƙasa ɗaya bai kamata a samu ba. Injinka ƙasa yake ci tun ranar da aka wanke wannan.” Da aka buɗe injin, jikin bulok, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, ya cika da siraran zane daga sama zuwa ƙasa, ringi sun cinye, bakin bawul ɗin shigar iska ma ya ci. Dole aka kai bulok wurin masu gurza aka faɗaɗa shi, aka sa fistin da ya fi na asali girma da rabin milimita, tare da sababbin ringi da bawul. Abin da na biya zai sayi soso da man shafa shi na shekaru masu yawa.

Soso shi kaɗai ba ya tace ƙura mai laushi, domin ramukansa sun fi ƙwayoyinta girma nesa ba kusa ba. Man da aka jiƙa shi da shi ne ke kama ƙurar yayin da iska ke karkaɗawa ta cikin ramukan. Injin fetur kuwa yana zuƙar iska kusan lita 9,000 kafin ya ƙone lita ɗaya ta mai, kuma a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, iskar nan ɗauke take da ƙurar da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma wadda tayoyin motoci ke tayarwa a kan burji. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen bulok tauri. Idan ta haɗu da baƙin mai sai ta zama abin gurza, fistin kuma ya riƙa goga ta sau dubbai a kowane minti.

Tun daga lokacin da kaina nake yin wannan aiki. Da zarar na ciro soson, kafin komai, sai na cusa tsumma mai tsabta a bakin robar kafireto, saboda ƙasar da ta taru a cikin akwatin matatar takan zube ciki yayin gogewa. Da kananzir nake narkar da tsohon man, domin fetur yana cin gam ɗin da ya haɗa gaɓoɓin soson, yana kuma sa shi rugurgujewa da wuri. Bayan haka sai na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu har ruwan ya daina canja launi. Matsewa ake yi a tafin hannu, ba a murɗewa, don murɗewa ke tsaga shi, kuma tsagar da ido ba ya gani ta ishi ƙura hanya. Sai a bar shi a inuwa ya bushe sarai, tunda mai ba ya kama jiƙaƙƙen soso.

Wurin shafa man nake fi daɗewa. Nakan saka soson a leda, in zuba mai, in yi ta matsawa har launin ya game ko'ina, sannan in fito da shi in buɗe kowane lungu in duba, saboda wuri ɗaya da ya rage a bushe ya isa ya maimaita mini abin da ya faru. Akwai mai na musamman mai danƙo da ake yi domin wannan, kuma shi ya fi, amma ba kowane gari ake samun sa ba. Baƙin mai sabo yana yin aikin, sai dai yakan tsiyaye zuwa ƙasan soson idan an daɗe, don haka mai amfani da shi ya riƙa dubawa a kai a kai. Idan man ya yi yawa injin zai shaƙe, fulogi ya yi baƙi, shan fetur ya ƙaru. Wannan matsala ce da ake gyarawa da matse soson a cikin tsumma, kuma na gwammace ta sau goma a kan ƙarancin mai. A ƙarshe nakan shafa giris siriri a leɓen da soson ke zama a kai, in cire tsumman da na cusa, in mayar da shi, in bi gefensa da yatsa in tabbatar babu inda ya ɗaga.

Soson da aka wanke da fetur ɗin nan bai sake komawa cikin babur ɗina ba, domin gaɓarsa ta fara buɗewa, kuma idan ka ja shi kaɗan sai ya riƙa zubar da ɓurɓushi. Da na sayo sabo, a bushe ya zo cikin ledarsa, kuma mai shagon bai ce mini komai a kan mai ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka sabon abu a shirye yake, ya ɗaura shi haka nan. Wannan duka ya shafi matatar soso ne kawai. Ta takarda da ke kan wasu babura ba a wanke ta, ba a kuma shafa mata mai, canja ta ake yi idan ta toshe.

A hunturu ba na jiran ranar sabis. Duk ranar da na bi bayan motocin kasuwa a kan burji, da na dawo nakan buɗe in duba, kuma ina ajiye soso na biyu da na riga na shafa wa mai a cikin leda ɗaure, don in musanya nan take in wanke mai dattin idan na samu sarari. Idan kuwa dole ta sa wani zai taɓa mini matatar a hanya, tsayawa nake yi a kansa har in ga man ya shiga soson da idona.