Yadda na kashe talabijin ɗin Kawu da bakina

Har yau akwai masu kirana "Sha Bakwai ga Wata" a Daura. Ba ni da bakin yin fushi, ni na jawo wa kaina.

Gyaran talabijin da rediyo ne sana'ata. Farkon 2015 wata ƙungiya ta tara mu a Katsina, masu gyara da masu sayar da kayan wuta, aka yi mana bitar yini guda kan komawar tashoshin talabijin dijital, wato sabon tsarin watsa shirye-shirye. Aka ce ƙasashe sun sa hannu a Janiba tun 2006 cewa zuwa 17 ga Yuni, 2015 za a bar analog, tsohon tsarin da aka saba. Najeriya ta taɓa ɗibar wa kanta 2012 ba ta cika ba, amma wannan karon ba fashi. Aka ce mu na bakin iyaka abin ya fi shafa, don bayan ranar, in siginar wata ƙasa ta shigo ta dagula tsohuwar tasharku, ba ku da inda za ku kai kuka. Daga Daura zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar, kuwa tafiyar minti nawa ce? Aka ba mu riga da hula da takardu, duk da Turanci, aka ce kowa ya je ya faɗa wa mutanensa da harshensu.

Nan na yi ɓarnar. Abin da za a kashe shi ne na'urar watsa shirye-shirye da ke can tasha. Akwatin da ke ɗakinka lafiyarsa lau, dikoda kawai za ka haɗa masa da eriya. Na san haka sarai, ni da nake kwance cikin talabijin kullum. Amma da na ɗaura lasifika a bayan babur, sai na ga dogon bayani ba ya tsayar da kowa. Na gwada a kasuwar Mai'adua ranar wata Lahadi, ina ta analog da dijital, mutane na wucewa da awakinsu. Sai na gajarce: "Jama'a, ran 17 ga Yuni za a kashe talabijin! Wanda bai shirya ba, tasa ta mutu!" Nan take aka kewaye ni. Daɗi ya kama ni, na ce na samo bakin zaren. Da wannan na zaga Sandamu da Zango da unguwannin cikin gari.

Ku tuna lokacin. An rantsar da Buhari ran 29 ga Mayu, duk Daura ido na kan talabijin, ko mai shayi sai ya jawo tasa waje ya tada janareto. A irin wannan lokaci ka ce za a kashe, ai ka taɓa inda ke ciwo.

Alamar farko da ya kamata ta farkar da ni, shagona ne ya yi tsit. Wa zai biya kuɗin gyaran abin da ya rage masa wata guda? Masu kaya suka ƙi zuwa karɓa. 'Yan gwangwan kuwa suka samu kasuwa, suna bi gida-gida suna sayen mai doro a wulaƙance, suna kafa hujja da ni. Ban ankara ba, ina can ina shela.

Sha bakwai ga wata ta faɗo Laraba. Washegari Alhamis aka tashi da azumi. Na kunna ta shago da safe, gabana na faɗuwa, sai ga hoto ras, da ɗan yayyafinsa yadda aka saba. Ba abin da aka kashe.

Bayan la'asar Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, ga teburin da talabijin ɗinsa ke zama, an bar ƙyallen rufinta a ninke a kai, ga shatin ƙura inda take. Sharp ce, tsarabar aikin hajjinsa, sau biyu kacal na taɓa buɗe ta. Ya sayar naira 3,000. Daga gidan maƙwabci ana jiyo tafsiri.

"Ɗan nan, ba kai ka ce ta mutu ba?"

Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, ba akwatin nake nufi ba, tashar ce."

"To me ya hana ka faɗi haka?"

Ba ni da amsa. Daren nan na ɗauko ta shagona, wadda nake gwaji da ita, na kai masa. Wasu mutum biyu kuma sai da na haɗa musu da ɗan abin da ya samu, don da sunana aka cuce su.

Sauran labarin kowa ya sani. Sai Afrilun 2016 aka fara gwaji a Jos da FreeTV, wato dikodar gwamnati, Abuja ta biyo a Disamba, Kaduna a ƙarshen 2017, Kano sai Nuwamban 2021. Duk lokacin da aka ƙaddamar a wani gari, sai wani ya leƙo shago ya ce, "Sha Bakwai, yaushe tamu?"

Duk wanda aka ba lasifika kan wannan harka, don Allah kada ya faɗi rana. Ranar ba a hannunka take ba, masu ɗaga ta kuma ba su za su haɗu da mutane a masallaci ba. Kalmar "kashe" ma ka bar ta a gida. Ni yanzu in an tambaye ni, tsohuwar mai doro nake jawowa, in haɗa mata dikoda a gaban mutum, in miƙa masa rimot ya canja tasha da hannunsa. Minti biyu sun yi abin da wata uku na ihu bai yi ba. Sai kuma ka rarrabe masa ta gwamnati da StarTimes da GOtv masu biyan wata-wata, don a wurin yawancin mutanenmu dikoda duk dikoda ce. Kalmar "kyauta" ma da hankali, tunda akwatin saye ake yi, wani kuma sai ya canja eriya.

Ta shagon nawa tana nan a zauren Kawu. Bara na ce zan kawo masa filasma, ya ɗaga hannu ya ce in bar masa kayarsa, sai ran da ya ga an kashe da idonsa.