Ranar da zanenmu ya fito a kife

Mu huɗu ne muke haɗuwa duk yammacin Asabar a wata rumfa da ke Harobanda, ƙetaren Gadar Kennedy a nan Yamai: ni da ke karatun likita, wani ɗan sashen lissafi, wata ɗaliba da ta ƙware a rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python, da wani ɗan kimiyyar lantarki wanda dafa shayi ya zame masa aiki. Burinmu shi ne mu gina ƙwayar jijiya guda ɗaya cikin kwamfuta, mu ga ko za ta harba saƙo kamar mai rai. Guda ɗaya tak, alhali ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da kimanin biliyan 86.

Mun ɗauki samfurin da Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka wallafa a 1952, bayan gwaje-gwajen da suka yi a Ingila kan ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku da ake kira sikwid, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1963. Jimlolin lissafi huɗu ne kawai: ɗaya na bin ƙarfin lantarkin fatar ƙwayar, uku na bin buɗewa da rufewar ƙofofin da sinadaran sodiyam da fotasiyam ke bi su ratsa wannan fatar. Ni na haddace wannan labari tun ajin farko, kuma ina ganin na san shi, har sai da ɗan lissafin ya tambaye ni: "Likita, da kake cewa ƙofar na buɗewa da sauri, saurin nawa ne a milisakan?" Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na yi shiru, domin hadda ba ta taɓa neman wannan daga gare ni ba.

A mako na uku zanen farko na ƙarfin lantarkin ƙwayar ya fito a allon, amma a kife. Maimakon layin ya tashi daga kusan milibolt (ma'aunin ƙaramin ƙarfin lantarki) 65 ƙasa da sifiri ya haura zuwa wajen 40 sama da shi, sai ya nutse ƙasa kamar guga a rijiya. Na ce ba a taɓa ganin jijiya ta yi haka ba. Ɗan lissafin kuma ya rantse bai canza ko waƙafi ɗaya daga takardar asali ba. Mun yi gardama har shayi na uku ya huce, kafin ɗan lantarkin ya gano cewa masanan biyu sun auna ƙarfin daga matsayin hutun ƙwayar, kuma alamarsu kishiyar wadda littattafan yau ke amfani da ita ce. Ashe kowannenmu na da gaskiya, kuma da ɗayanmu ne shi kaɗai, da ya karɓi zanen a haka ko ya watsar da aikin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo bayan gyaran. Ɗalibar ta tura wa ƙwayar wuta sau biyu da tazarar milisakan 3, ta farko ta harba, ta biyu ta ƙi. Ba mu rubuta mata wannan hutu a ko'ina cikin manhajar ba. Ya fito ne da kansa, saboda ƙofofin sodiyam ba su gama farfaɗowa ba. Nan take na tuna da masu farfaɗiya da muke gani a asibiti, waɗanda da yawa sai an gaji da neman maganin iska ake kawo su, da kuma magungunan farfaɗiya karbamazefin da fenitoyin, waɗanda ke aiki ta hanyar tsawaita rufewar waɗannan ƙofofin. Na roƙi ɗalibar ta rage saurin farfaɗowarsu cikin lissafin, muka zuba ido yayin da harbin ke yin nisa da juna.

Samfurin bai zama marar lafiya ba, kuma jijiyar sikwid ba ta ɗan Adam ba ce, don haka nakan ja wa abokaina birki idan suka fara maganar warkar da cuta daga allo. Yanzu muna ƙoƙarin haɗa ƙwayoyi 100 da Brian, manhajar kwaikwayon ƙwayoyin jijiya, kuma tun makon jiya muke jayayya kan nawa daga cikinsu za su zama masu hana harbi.