Talata da dare: karcen da ya rufe kansa

Yau na fi awa biyu ina leƙen madubin ƙara girma, har wuyana ya ƙage, amma ko kaɗan ban ji haushi ba.

Jiya da yamma na sa bakin tsinken roba na karce tsakiyar faifan da muke renon ƙwayoyin halitta na efitiliyam, wato irin waɗanda ke shimfiɗe a fata da cikin hanji da huhu. Da safe na tarar karcen ya kusa rufewa. Na bakin gaɓa sun baje sun miƙe gaba, suna jan na bayansu, wasu kuma sun soma rabuwa biyu. Can inda suka cunkushe kuwa, tsit, da ƙyar na ga mai rabuwa. Abinci ɗaya suke sha, ɗumi ɗaya. Bambancin kawai, wasu ana jan su, wasu an matse su.

Na tambayi malamata yadda ƙwaya ke gane hakan. Ta ja kujera ta zana min wata 'yar ƙofa a jikin tantanin ƙwaya, sunanta Piezo1, wadda ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano a 2010, har ya samu kyautar Nobel a 2021. Idan tantanin ya miƙe sai ƙofar ta buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, da haka ƙwayar ke gane ana jan ta. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne aikin Jody Rosenblatt da abokan aikinta: a 2012 sun nuna cunkoso kan sa a tunkuɗo ƙwaya waje da ranta, a 2017 kuma suka nuna miƙewa kan sa ta rabu. Ƙofar nan guda ce ke cikin duka biyun!

Sai na tuna yadda likitocin tiyata ke cusa balan-balan ƙarƙashin fata, suna ƙara masa ruwa kaɗan-kaɗan tsawon makonni, har sabuwar fata ta samu a rufe tabon ƙuna da ita. Na daɗe da sanin wannan, yau ne na ga tushensa da idona.

A hanyar dawowa jikina ya ɗan yi sanyi, domin akasarin ciwon daji daga irin wannan shimfiɗa yake tashi, kuma ƙwayoyinsa ba sa tsayawa ko an matse su, sai su hau kan juna.

Gobe in Allah ya kai mu zan shuka wasu ƙwayoyin efitiliyam a kan tantanin roba, in miƙe shi idan sun cika, in ƙirga masu rabuwa.