Wasiƙa daga Manchester: Yadda aka rubuta ni waliyyin karya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. Mu nan sai godiya, ruwan sama ne dai ba dare ba rana, rabonmu da ganin rana tsayayya har mun manta.

Kafin wani ya ce na buɗe wasiƙa da ƙarya, a duba harafin da kyau. Karya na ce, macen kare, mai ƙafa huɗu da wutsiya. Na san akwai waɗanda in sun kai ƙarshe za su ce wane ya daɗe a Turai har ya fara sakin hanya. Ba komai, a dai ji ta bakina tukuna.

Ina da maƙwabci, wani tsoho Bature, bango ɗaya ya raba gidajenmu. Shekararsa 78, tsohon direban bas ne. Ni da yarana Baba muke ce masa, tun yana dariya har ya saba yana amsawa. Matarsa ta rasu bara waccan, 'yarsu guda kuma tana can Ostireliya da mijinta. Tun da aka yi rasuwar sai Baba ya shige ɗaki. Labule a sake har azahar, kwanon abincin da maiɗakina take aika masa sai ya dawo an ɗan taɓa gefe. Rannan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in taimaka in kai shi wani wuri a mota, don likita ya hana shi tuƙi saboda ido. Sai da muka hau titi ya gaya mini gidan karnuka za mu. Da na san haka tun a ƙofa, wallahi da na ce ina da aiki.

Gidan karnukan nan wuri ne da ake tara waɗanda ba su da mai su, a yi musu magani, a ciyar da su, har a samo wanda zai ɗauka ya riƙe. A dokar ƙasar nan, karen da aka tsinta yana gararamba ƙaramar hukuma ce ke tsare shi kwana 7. In mai shi bai zo ba, sai a miƙa shi ga irin waɗannan gidaje. Wasu kuma masu su ne ke kawo su da kansu: an yi mutuwa, ko aure ya mutu, ko an koma gidan haya mai gidan ya ce ba ya son dabba, ko kuɗin likitan dabbobi ya fi ƙarfin aljihu. Abin ya daɗe. Na Battersea da ke Landan wata mata ce, Mary Tealby, ta kafa shi a 1860. Na nan Manchester tun 1893 yake, kuma a 2014 da gobara ta tashi a cikinsa ta kashe karnuka kusan 60, kafin a ce kwabo jama'a sun tara abin da ya haura fam miliyan ɗaya. Ku lissafa da naira ku sha mamaki, ni ma na sha.

Sai dai kada wani ya ruɗe ku da cewa duk Bature mai tausayin dabba ne. Da kowa yana riƙe amana, ai da ba a gina gidajen ba. Babbar ƙungiyarsu, Dogs Trust, wadda aka kafa a 1891, tun 1978 take yi wa mutane waƙa ɗaya, cewa kare abokin zama ne na har mutuwa, kada a mai da shi tsarabar Kirsimeti. Dalili kuwa, ana sayen ɗan kwikwiyo a ba yaro kyauta a watan Disamba, kafin bazara ya girma ya fara cin takalma, sai a nemi inda za a yar da shi. Haka aka sake yi lokacin kullen korona, kowa na zaune a gida ya sayi abin ɗebe kewa, da aka koma aiki gidajen karnuka suka cika.

Ni a zatona kasuwar dabbobi za mu, a duba haƙori, a taya, a sallama, a ja igiya. Ashe neman aure muka je, kuma Baba ne manemin. Wata yarinya da ba za ta wuce sa'ar 'yata ba ta zaunar da shi, ta ɗauko takarda. Gidan naka ne ko haya? Akwai fili a baya? Shingen ƙafa nawa ne? Awa nawa kake yi ba ka gida? Jikoki ƙanana suna zuwa? Akwai kyanwa a maƙwabta? Ka taɓa riƙon kare, kuma me ya raba ku? Fanshonka zai ɗauki abinci da allurar rigakafi da inshora? Tsohon da ya yi shekara 30 yana tuƙa bas a garin nan ya zauna yana amsawa a ladabce, hula a gwiwa, kamar wanda ya je gaban iyayen yarinya. Shi ya zo da niyyar ɗan kwikwiyo. Ta ce masa a'a, ba tare da kwana-kwana ba: kwikwiyo zai iya shekara 14 a duniya, kuma ƙarfinsa zai kayar da kai. Na ɗauka zai yi fushi. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne.

Can sai ta zo kan tambayar da ta ja ni ciki. In ka kwanta rashin lafiya, wa zai kula da shi? Baba bai ce komai ba, ya juyo ya dube ni. Ita ma ta dube ni, biro a sama. Ku da kuka san mu da kunya, ku faɗa mini yadda zan ce wa dattijo a'a a gaban yarinya. Na ba da sunana da lambar wayata, ina cewa a raina ai rubutu ne kawai.

Ba a ba mu komai ranar ba. Sai da aka turo wata mata ta zo ta ga gidan, ta auna shingen baya ta ce a ƙara masa tsawo ya kai ƙafa 6, ni da ɗana muka yi aikin ran Asabar. Sai da Baba ya koma sau uku yana zagayawa da karyar da suka zaɓa masa. A zuwa na huɗu ya biya fam 200 da ɗoriya, ya sa hannu cewa in riƙo ya gagara su zai mayar wa, ba shi da ikon sayarwa ko kyautarwa, sannan aka ba shi igiya.

Baƙa ce, doguwa, siririya, cikin nan a ɗame kamar ba ta taɓa cin abinci ba. Jinsin da suke kira greyhound ce, karnukan tsere. Duk wanda ya taɓa ganin karnukan Buzaye na yankin Azawak, arewa da Tawa, ya ga ƙirarta, shi ya sa yarana suka laƙaba mata 'Yar Azbin. Tseren karnuka caca ce a nan, kuma a garin nan aka fara shi a Birtaniya, a filin Belle Vue a 1926, filin da aka rufe a 2020. Ana sakinsu ne su bi wani zomon bogi da inji ke ja a gefen fili, suna gudun da ya kai kilomita 70 a awa. Mu muna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, to wannan zomon wajen shekara ɗari ke nan ana binsa. In kare ya kai shekara 4 ko 5, ko ya ji ciwo a ƙafa, ya gama amfani a wurin masu shi. Karyar Baba shekararta 5. Yarinyar gidan karnukan ta ɗaga mana kunnuwan karyar, ga lambobi an zana da tawada a ciki, ta ce duk wanda aka yi wa a kunne biyu a Ireland aka haife shi. Ban da wannan akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar kafaɗarta, wadda in aka ɗora mata abin karantawa lamba za ta fito, a gano mai ita. Tun Afrilun 2016 doka ta wajabta wa kowane kare ita, wanda ya ƙi tarar na iya kaiwa fam 500.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ta shiga gidan. Karya mai shekara 5 ba ta taɓa ganin matakalar bene ba. Ta tsaya a gindinta tana rawar jiki. Ta yi karo da ƙofar gilashi sau biyu. Talabijin ya yi magana ta ɓuya bayan kujera. Duk rayuwarta daga keji sai fili. Baba ya durƙusa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, yana ɗaga mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a kan matakala. Kwana huɗu suna wannan karatu. Daga makon nan labulen Baba ƙarfe bakwai yake buɗewa, don akwai mai jiran a fita da ita.

Wata takwas bayan haka rubutun nan da na raina ya zo karɓar haƙƙinsa. Baba ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Ana sa shi a motar asibiti ya miƙo mini makulli, bai ce kula da gida ba, cewa ya yi abincinta safe da yamma ne.

Nan fa aka yi zama a gidana. Maiɗakina ta ce, Malam, ni dai ba za ta taka mini inda nake salla ba. Na ce ni ma ban ce ba. Mun tashi da sanin hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, da wanda ya ce ladan mutum na raguwa kullum in ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba. Ban zo in yi wa kowa fatawa ba, kuma har yau kare bai kwana a gidana ba. Amma da wannan sanin muka tashi da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi. Ga haƙƙin maƙwabci, ga alkawarin da na ɗauka da bakina. Aka tsaya a kan ta zauna a gidansu, babban ɗana ya riƙa kwana a falon Baba, ni kuma fita da ita safe da yamma.

To ku kwatanta. An idar da asuba, duhu, sanyi na yanka kunne, ga ni da jallabiya da kwat a kai, riƙe da karya wadda ita ma an sa mata riga, don jinsinsu ba kitse ba gashin kirki. A bakinta takunkumi, saboda in ta hango kyanwa tsohon aiki take tunawa. A aljihuna kuma leda. Eh, leda. A nan in karenka ya yi bayan gida a titi kai za ka sunkuya ka kwashe, in ka wuce aka gan ka tara ce. Ranar farko na daɗe a tsaye a kan abin ina waige-waige, ina tunanin da mutanen unguwarmu za su gan ni da an samu labarin shekara.

Mutanen masallacinmu kuwa sun gani. Wani dattijo ɗan Somaliya ya tsallaka titi, bayan kwana biyu ya tare ni ya ce ɗan'uwa, ka wanke tufafin nan sau bakwai har da ƙasa? Su Shafi'awa ne, a wurinsu najasar kare mai nauyi ce. 'Yan Pakistan, Hanafawa, yawun ne abin gudunsu. Na ce masa mu Malikawa ne, a mazhabarmu duk mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki kuwa bin umarni ne. Ya yi mamaki. Ni ma a raina na yi, don mazhabar da ta fi sassauci a kan kare ita muke bi, amma ban san inda kare ya fi shan jifa kamar garuruwanmu ba.

Ni kaina na yi jifan. Ina ɗan shekara tara wani jan kare ya ratso unguwarmu, wani ya ce mahaukaci ne, muka bi shi da duwatsu har bakin kududdufi. Ko mahaukacin ne ko yunwa ce ta koro shi, babu wanda ya tsaya tambaya. Ba na zargin iyayenmu da suka koya mana gudun kare, suna da hujja. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Birtaniya ta rabu da shi a karnukanta tun 1922, shi ya sa yaron Bature ke rungumar karen da bai sani ba. Mu kuwa maharbi da mai gadi da makiyayi duk suna cin moriyar kare, amma nawa ne cikinsu suka taɓa kai shi a yi masa allurar? Duk wanda kare ya ciza, don Allah ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya nufi asibiti ranar, kada a tsaya shafa gashin karen a kan ciwo.

Kwana 19 Baba ya yi a asibiti. A tsakani na kusa yin ɓarna da kyakkyawar niyya: na kawo mata sauran tuwo da miya da ƙashin kaza, kamar yadda ake zuba wa namu a gida. Ɗana ya tare ni a ƙofa, ya ce Abba, albasa guba ce gare su, dafaffen ƙashi kuma tsagewa yake ya huda hanji. Na koma da kwanona.

Ranar da aka sallamo shi, yana dogara abin tafiya, na riƙe igiyar tamau don kada ta yi tsalle ta mayar da shi inda ya fito. Ba ta yi tsallen ba. Ta tako a hankali ta jingina dogon kan nan a cinyarsa ta tsaya cak, shi kuma ya kau da fuska wai iska ce ta shigar masa ido. Likita ya ce sai ya yi wata uku kafin ya iya zagayen safe, don haka har yanzu ni ne. Jiya da zan fita maiɗakina ta miƙo mini wani ƙunshi, tsokar kaza ce ta dafa daban, ba gishiri ba albasa. Ta ce, ungo ka kai wa 'yar gidanka, amma ka wanke hannu kafin ka taɓa mini ƙofa.

A gaida kowa da kowa. Naku, daga Manchester.