Tafi a wurin makoki

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis da laftof bayan shekara huɗu. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ba zan fita ban taɓo maganar taron hakimai ba, tunda har yau in na shiga wani ɗakin sai an samu mai tafa hannu a hankali don ya tsokane ni. Takardar tuhumar da ke cikin fayil ɗina ta faɗi nata, bari ni ma in faɗi nawa.

Taron na watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40. An gayyato uwayen ƙasa da malaman asibiti daga ƙananan hukumomin gabas, su Isa da Sabon Birni da Goronyo da Wurno da Rabah, a kan tamowar yara. Ni na haɗa bayanin a PowerPoint, manhajar shirya shafukan da ake haskawa a allo, shafi 40, fari tas da baƙin rubutu da 'yan hotuna. Da na kai wa oga sai ya karkata kai ya ce, "Wanga abu ba ya da rai. Sa mishi motsi." Ya taɓa zuwa wani taro a Abuja inda ya ga labule yana buɗewa kafin kowane shafi, abin ya zauna masa a rai. Ya kuma ce a shafin ƙarshe, na godiya ga hakimai, a sa sautin tafi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, maganar yara marasa lafiya ce." Ya ce ai shi ya sa, kada mutane su yi barci. Na yi shiru, na koma tebur.

Ga wanda bai taɓa leƙa wurin ba: a sashen tiransishin, wato salon da shafi ke bi ya maye gurbin na gabansa, akwai wani ɗan akwati na sauti a hannun dama. A cikinsa akwai tafi, da kiɗan ganga, da guduma, da tafireta, da ƙarar kyamara, da iska, har da fashewar bam. In mutum yana son nasa sautin, sai fayil mai wutsiyar wav kaɗai akwatin ke karɓa. Ƙarƙashinsa akwai tsawon lokaci, sannan maɓallin da ke shafa zaɓinka a kan dukkan shafuka. Wannan maɓallin ne ya ci ni. Na sa tafi a shafi na 40 da rana. Bayan isha'i oga ya bugo ya ce labulen nan a kowane shafi yake son sa, ba na farko kaɗai ba. Na buɗe fayil ɗin a gida a unguwar Mabera, na gangara shafin ƙarshe inda na tsaya, na zaɓi labule, na danna a shafa wa duka. Ban san maɓallin ba ya tsince labule shi kaɗai ba. Duk abin da ke jikin tiransishin ɗin shafin da kake kai yake kwasa, da sauti da tsawon lokaci da yadda shafi ke wucewa, ya rarraba wa sauran.

Na gwada kuwa, sau biyu. Amma lasifikar laftof ɗina a toshe take kullum saboda muna zaune mu biyar a ɗaki ɗaya, majigin ofis kuma tsoho ne mai shuɗiyar wayar VGA, wadda hoto kawai take ɗauka. Zauren otal ɗin da aka kama HDMI suke amfani da ita, ita kuwa da hoto da sauti take tafiya. Kana sa ta Windows ya mayar da sauti can, kuma kowace na'ura da nata ma'aunin ƙara, toshewar da ka yi wa lasifikar laftof ba ta bin ka zuwa ta zaure. Duk wannan daga baya na zauna na gano shi.

Liman ya buɗe taro da addu'a. Oga ya karɓi rimot, laftof na gabansa, ni kuma aka tura ni baya wajen rajistar mahalarta. Shafin farko ya fito, labule ya buɗe, zaure ya ɗauki tafi ta manyan lasifiku. Mutane suka yi murmushi, wasu ma suka taya. Oga ya waiwayo yana gyaɗa kai, wai ka gani ko. Ni kuwa gabana ya faɗi, don na san ba nan na sa shi ba. Shafi na biyu, jadawalin taro, tafi. Aka yi 'yar dariya. Na ajiye biro na fara ratsa kujeru, amma ratsa layin hakimai da manyan riguna ba abu ne da ake yi da gudu ba, kowa sai ka rusuna masa.

Shafi na uku shi ne na yaran da aka rasa a cibiyoyin kula da masu tamowa. Oga ya sassauta murya, ya ce a yi musu addu'a, ya danna. Labule ya buɗe a kan adadin, zaure ya cika da tafi.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Oga ya rikice ya sake dannawa don ya tsere wa shafin, na gaba ma ya tafa. Kafin in kai ga mai kula da sauti in zare wayar, an tafa sau biyar. Wani dattijo daga cikin uwayen ƙasa ya juya ya tambayi na kusa da shi, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Wanga mi na?"

Abin da ya fi tafin ciwo shi ne amsar da aka ba shi. Oga ya riƙe makirfo ya ce a yi haƙuri, yaran zamani ne, ka ce su yi aiki sai su mayar da shi wasa, shi bai san an sa wannan shirme ba. Ya nuna ni da rimot. Washegari takardar tuhuma ta iso, an ba ni awa 24 in yi bayani. Na rubuta cewa kuskuren maɓalli nawa ne, kuma gaskiya nawa ne. Na ƙara layi ɗaya cewa umarni aka ba ni in sa sautin. Aka dawo mini da ita aka ce in cire layin in ina son abin ya mutu a nan. Ina da aure wata uku a lokacin. Na cire.

Tun ranar ba na karɓar umarnin ado da baki. In aka ce sa kaza, sai in tura saƙo a waya in ce, "Kamar yadda ka umarta, na sa kaza," in ajiye. An ce na cika ƙa'ida. To, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wani lokaci nakan yi tunanin da a ce bam oga ya zaɓa maimakon tafi, a zauren da ke cike da mutanen Isa da Sabon Birni, da abin da kunnuwansu suka saba ji a shekarun nan. Da ba takardar tuhuma za a yi magana ba.

Sauran abubuwan da na tsinta ƙanana ne. Ɗan tauraron da ke gefen ƙaramin hoton shafi alama ce akwai motsi a jikinsa, in ka ga taurari sun jeru daga sama har ƙasa ka bi akwatin sauti ɗaya bayan ɗaya. Labulen nan daƙiƙa 6 yake ci, a shafi 40 minti 4 ke nan ana kallon yadi, alhali mai dusashewa a hankali bai cika daƙiƙa ɗaya ba, kuma shi kaɗai nake amfani da shi yanzu. Danna harafin B a laftof yana baƙanta allo nan take, da oga ya san shi da ya tsaya a tafi na uku. Sabbin salon da suka zo daga fitowar PowerPoint ta 2013 zuwa sama ba su cika tashi a tsohuwar kwamfuta ba. Gwaji kuma a zauren ake yi, da wayar zauren, da ƙara a buɗe, ko da kabu-kabu za ka hau ka je tun da asuba.

Taro goma sha wani abu na haɗa bayan wannan, ba wanda aka ji ko tari daga lasifika. Ba a rubuta wannan a fayil ba.

Jiya yaron da zai gaje ni ya zo da filashi ya ce, "Yaya, duba mini wanga, oga ya ce ba ya da rai." Na buɗe, taurari sun jeru har ƙasa. Na ce masa ya jawo kujera, ya fara buɗe lasifikarsa.