Masu son haɗa manhajar murya, ku fara da baki kafin kibod

Ƙannena masu koyon haɗa manhaja, musamman ku da kuke ta tambayata batun Alexa da ire-iren na'urorin nan da ake yi wa magana su amsa, ga ɗan abin da na tsinta a aikin. Ni dai daga Kano nake aiki ta intanet kuma kusan duk masu ba ni aikin a waje suke, sabida Alexa har yau ba ta jin Hausa, Turanci ne da Jamusanci da Faransanci da Japananci da wasu 'yan kaɗan, Hindi ta shiga a 2019, Larabci kuma sai ƙarshen 2021 sabida Saudiyya da Daular Larabawa. To in kana nan gida kana son cin abinci da wannan sana'a, yawanci wani ne a Ingila ko Amurka zai ba ka aikin, da Turanci, kuma mutanen da za su riƙa magana da abin naka ba za ka taɓa sa su a ido ba. Yawancin tuntuɓen da na yi daga nan ya samo asali.

Ɓangaren kod ba shi da wahala gaskiya. Amazon ta fito da Echo, lasifikar da Alexa ke magana ta cikinta, a 2014, a 2015 ta buɗe ƙofa kowa ya haɗa ƙaramar manhajarsa a kai, wadda ake ce wa sikil. Za ka ba shi sunan da za a kira shi da shi, ka jera abubuwan da mutum zai iya nufi, ƙarƙashin kowanne ka rubuta jimlolin da za a iya faɗa, ka bar gurbi inda abu ke canzawa kamar rana ko sunan gari, sai kod ɗinka ya zauna a AWS Lambda, wato sabar Amazon da ake ɗora kod a kai, yana jiran a taɓo shi. Wanda ya iya JavaScript ko Python ba zai daɗe ba zai gane. Hirar ce aikin, kuma ita ce ba a koya mana ba.

Aikin da ya fi koya min hankali na wani masallaci ne a arewacin Ingila, suna son jama'arsu su riƙa tambayar lokutan salla. Ni kuma daga haɗa shafukan intanet na fito, sai na tsara shi kamar shafi, da an buɗe sai sallama da barka da zuwa da sunan masallaci sannan jerin duk abin da za ka iya tambaya, lokutan salla, Juma'a, karatun yara, sanarwar jana'iza, sadaka, da sauransu. A rubuce abin ya yi kyau wallahi, layi-layi tsaf. Sai wani dattijo a kwamitin ya turo min saƙon murya, ya ɗauki kansa yana gwadawa a kicin, ana jin famfo yana zuba, ya tambayi la'asar ya tsaya yana jira Alexa tana ta zuba, a ƙarshe ya ce ɗana ni la'asar na tambaya ita kuma huɗuba take min.

Ido yana iya tsallake layi ya koma baya ya sake dubawa, kunne kuwa sai ya jira a gama, kuma kafin a kai abu na biyar ya manta na farko. Don haka amsa ta fara zuwa, gajeriya, sauran bayani sai in an nema. In dole sai ka ba da zaɓi kar ya wuce uku. Ita kanta Amazon a jagorarta ta masu tsarawa tana cewa ka gwada faɗin amsar da numfashi ɗaya, in sai ka tsaya ka shaƙi iska to ta yi tsawo, kuma na ga amfanin wannan gwajin fiye da yadda na zata.

Abin da nake yi yanzu kafin na buɗe kwamfuta, wanda da na fara da shi da na huta, shi ne na rubuta hirar a takarda kamar wasan kwaikwayo, mutum ya ce kaza na'ura ta ce kaza. Sai na samu wani wanda bai san komai kan aikin ba, ƙanwata ko wani a majalisa, ya juya min baya, ni na zama na'urar, ba na faɗin komai sai abin da ke takardar, ko da ya rikice ba na taimakonsa ba na cewa a'a ai nufina kaza. Abin da ciwo fa, kana ji mutum yana ɓata a cikin abin da ka ɗauka a fili yake. Amma duk abin da ya fito daga bakinsa rubuta shi nake yi yadda ya faɗa, don waɗannan su ne jimlolin gaske da za su shiga sikil ɗin.

Sabida jimlolin da na rubuta da kaina a farko Turancin makaranta ne, cikakku masu ladabi, irin don Allah ko za ki gaya min lokacin sallar magariba ta yau. Ba mai magana haka da na'ura. Wani kalma ɗaya zai jefa, magariba, shikenan. Wani zai ce saura minti nawa, wani ya ce na rasa jam'i ne, wani kuma bayan an ba shi amsa ya ce gobe fa, kuma dole abinka ya tuna cewa a kan magariba ake magana ba wai ya dawo yana tambaya wace salla ba. Ga shi jama'ar masallacin daga ko'ina suke, 'yan Pakistan da Bangladesh da Somaliya da Larabawa da namu na Afirka ta Yamma, azahar kaɗai kowa da yadda yake furta ta, wani da z wani da d, asuba wani ya ce fajar wani ya ce subhi, sai da na bi kowane gurbi na cusa masa duk waɗannan. Ita ma Alexa in ta zo faɗin sunayen sallolin sai ta murguɗa su, nan ne SSML ke shigowa, wato alamomin da ake sa wa rubutun da za ta karanta, da shi kake gyara furuci kake sa ɗan tsayawa tsakanin jimloli. Kar ku raina wannan, mutum in ya ji an ɓata sunan salla ba ya ƙara yarda da lokacin da aka faɗa masa.

Sai babbar matsalar. Lokutan sallar, da lissafin rana nake fitar da su a kod. Da farko aka ce min la'asar ɗina ta yi wuri, ashe masallacin 'yan Hanafiyya ne, su sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, mu kuma da muka tashi a Malikiyya ɗaya muka sani, ban ma yi tunanin tambaya ba. Na gyara wannan na ɗauka an gama. To Lambda da agogon UTC take aiki, wato agogon bai-ɗaya na duniya wanda ba a taɓa shi, kuma da sanyi agogon Ingila daidai yake da UTC, don haka duk watannin sanyi komai lafiya lau. Mu a Najeriya ba ma taɓa agogo, shekara ta zagayo yana nan yadda yake, su kuwa Lahadin ƙarshe ta Maris suke tura shi gaba da awa ɗaya su dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2023 ranar ta faɗo 26 ga Maris, azumi bai fi 'yan kwanaki da kamawa ba. Magariba ta koma wajen 7:30 a agogonsu, sikil ɗina yana ta gaya wa masu azumi 6:30, da muryar nan tata mai natsuwa kamar ba abin da ya faru. Allah ya taimaka rana tana sama kowa yana gani, kuma an kira ni da wuri, amma ku yi tunanin tsohuwa ita kaɗai a ɗaki ranar hadari.

A allo in lamba ta yi wani iri mutum yana ganin ta kusa da ta jiya sai ya yi shakka, murya kuwa ita kaɗai take zuwa ba abin kwatantawa. Tun daga nan na watsar da lissafin, na koma ɗaukar jadawalin da masallacin da kansa ya buga, wanda dama shi ya kamata tun farko, don can da bazara akwai makonnin da shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, kowane masallaci da hanyar da malamansa suka bi wajen tsayar da isha'i da asuba, ba aikin mai kod ba ne ya yanke musu. Duk abin da ya shafi lokaci ko kuɗi ko magani, ku tambayi masu abin daga ina gaskiyarsu take fitowa, ku ɗauko daga can, kuma ku gwada kod ɗin da ranakun gaba ba ta yau kaɗai ba.

Wasu ƙananan abubuwa da sauri. Alexa daƙiƙa 8 take ba kod ɗinka ya amsa, in kana jiran wata sabar mai nauyi sai ta yanke ta ba mutum haƙuri, don haka ajiye bayanan kusa. In ka bar makirufo a buɗe to ka ƙare da tambaya, kuma tambayar ta zama ita ce kalmar ƙarshe, kar ka yi tambaya ka ci gaba da surutu mutum ya amsa ba a jinsa. Masu tantance sikil na Amazon sun taɓa dawo min da aiki a kan wannan kuma da gaskiyarsu. In ba a gane abin da mutum ya faɗa ba kar a maimaita masa jimla ɗaya sau uku kamar mai karatun allo, karo na biyu a ba shi misalin abin da zai iya cewa, na uku a sallame shi cikin mutunci. In ya ce tsaya, a tsaya. Kuma gwaji da baki ake yi, da fanka a kunne da yara suna ihu, buga rubutu a cikin na'urar gwaji ba ya nuna komai.

Ku kuma raba ainihin aikinku da dandalin da kuka ɗora shi. Google ta sanar a Yunin 2022 cewa za ta rufe irin waɗannan manhajojin hira na Google Assistant, ta kuma rufe ranar 13 ga Yunin 2023, Cortana ta Microsoft ma, mai irin aikin Alexa, a shekarar aka sallame ta daga Windows. Ni na riga na cakuɗa komai a cikin Dialogflow, kayan aikin Google na haɗa irin waɗannan manhajojin, jadawali da jimloli da lissafi duk wuri ɗaya, sai da na zauna ina tsince su ɗaya-ɗaya. Da na ware su tun farko da dandalin kawai zan canza. Yanzu ma ga Alexa+ da aka sanar a Fabrairun 2025 mai aiki da manyan samfuran harshe, wato AI mai gane magana yadda aka faɗe ta, wataƙila nan gaba ba sai ka jera jimloli da hannu ba, amma tsawon amsa da sanin inda gaskiyar bayani take wannan yana wuyanka.

Masu cewa yaya za a yi da Hausa, hanyar da na gani ita ce kiran waya ko saƙon murya na WhatsApp, inda mutanenmu dama suke. Whisper, manhajar mayar da magana rubutu da OpenAI ta saki a 2022, akwai Hausa a jerin harsunansa amma yana kuskure sosai, Meta ta fitar da irinsa mai suna MMS a 2023 mai harsuna sama da 1,100, Common Voice na Mozilla kuma yana tara muryoyin Hausa, duk mai hali ya je ya karanta 'yan jimloli a can, mata musamman da mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram don kar abin ya zama bakin Kano zalla. In za ku gina, ku sani Bahaushe ba ya fara magana da buƙata, sai ya yi sallama ya gaisa tukuna, abinku ya iya amsawa ya jira. Lokaci kuma bayan la'asar ne ko jibi ko gata, ba 4:30 ba. Kuɗi ya fi rikici, wani zai ce dubu biyu ba ɗari biyu yana nufin 1,800, ɗan Maraɗi kuma in ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, jaka guda kuma 1,000, don haka a maimaita masa adadin ya ce e kafin a taɓa komai. Muryoyin da za ku ɗauka don gwaji ku nemi izinin masu su da baki a cikin rikodin ɗin, ku gaya musu inda za a ajiye da ranar da za a goge, ku kuma goge ɗin in ranar ta zo.