Katin da ke jikin bango

A sana'armu ta haɗa sola, aiki ta baki yake zuwa. Mutum ya kai wa abokinsa ziyara da daddare, unguwa duhu ƙirin, ya tarar da fanka tana juyawa, ga ruwan sanyi a firji, ba kuma ƙarar janareta, sai ya ce, "Wai wa ya yi maka wannan aikin?" Duk tallar da za ka yi ba ta kai wannan tambayar ba, kuma lokacin da ake yin ta kai kana gida kana barci. In maigidan ya ce, "Wani yaro ne, bari in na tuna zan turo maka lambarsa," to ka ƙaddara aikin ya wuce ka. Shekarun da na yi a wannan aiki a Kano, tun ina riƙe wa maigidana jakar kayan aiki har na tsaya da ƙafata, sun nuna mini cewa katin kasuwanci ba don wanda ke tsaye a gabanka ake buga shi ba. Shi wannan ai ya san ka, ya ga aikinka. Katin na baƙon nan ne da bai taɓa ganin fuskarka ba.

Da ka gane haka, rabin abin da mutane ke cusawa a kati sai ya zama kaya. Girman katin duka bai wuce na ATM ba, kusan milimita 85 a tsawo, 55 a faɗi. Amma sai ka ga an rubuta shigo da kaya da fitar da su, kwangila kowace iri, gine-gine, dillancin filaye, haƙa burtsatse, kayan masarufi, duk a wannan ɗan wurin, da rubutun da sai ka nemo tabarau. Wanda ya karanta bai san me zai kira ka ka yi masa ba. Katin maigidana layi ɗaya ne: haɗa sola da gyaran inbata. Yana yin wayarin gida, yana saka kyamara, amma bai rubuta ba. Yakan ce, in abu ɗaya ya shigar da kai gida, sauran ayyukan, masu gidan ne za su tambaya da bakinsu. Haka kuwa ake yi.

Sai suna. Ka sa wanda aka san ka da shi. Da yawanmu sunan da ke satifiket daban, wanda kasuwa ta sani daban, kuma mai neman ka da na biyun zai yi cigiya. Adireshi ma haka: lambar shago ba ta kai kowa ko'ina a garin nan, gara ka ce bayan gidan mai kaza, ko daura da masallacin Juma'a. Muƙamin Injiniya kuwa, da kowane mai riƙe da filaya ke maƙala wa kansa, na masu rajista ne da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda aka kafa tun 1970. Alhajin kasuwa bai damu ba, amma ranar da katinka ya faɗa hannun injiniyan gaske a wurin wani gini, tambaya ɗaya zai yi maka ka ji kunya. Lambar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, daban take. In kana da ita ka sa ta, ko da ƙanana ne baƙaƙen, domin makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi da ita suke fara auna ka kafin su nemi ka kawo farashi.

Abin da ya fi komai nauyi a kati shi ne lambar waya, kuma nan na ga mutane sun yi asarar da ba su ma san sun yi ba. A watan Disamba na 2020 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, a 2024 kuma aka rufe masu yawa. Masu sana'ar hannu da dama layin da suke aiki da shi ba da sunansu aka yi masa rajista ba: na wa ne da ya bar gari, ko na tsohon maigida, ko wanda aka saya a bakin titi da rajistarsa a shirye. Da aka rufe, sai mutum ya ga ai ba komai, ya je ya yi sabon layi. Bai lissafa cewa duk katin da ya raba a shekarun baya ya mutu a ranar ba. Abin bai tsaya nan ba, domin kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Na san mai gyaran famfon da kwastomominsa suka riƙa kira wata mata tana ɗauka, har ta gaji ta fara yi musu faɗa, su kuwa suka ɗauka ya bar sana'ar. Shago yana iya tashi, kamfani yana iya canza suna, amma lambar da ka buga a kati ta zama ta dindindin: da sunanka, da NIN ɗinka, kuma ba a bari ta kwanta.

Lamba ɗaya ta isa, biyu iyaka. Ta fi duk rubutun girma, a raba ta gida-gida yadda dattijo zai iya karanta wa jikansa yana dannawa. In kana da masu zuwa daga Maraɗi ko Damagaram, ka fara da +234 ka cire sifilin farko, don kada su yi ta bugawa ba ta shiga. Kafin mai buga kati ya sa a inji, ka karɓi samfurin ka kira lambar da ke jiki daga wata wayar. Yaron da ke zaune a gaban manhajar zane ta CorelDRAW aikin mutum goma ke gabansa, 6 da 9 ba su da wuyar musanya wuri. Kuma in ta yi ƙara a ɗauka. Ko kana kan rufin kwano da farantin sola a hannu, in ka sauko ka bi kiran.

Wani zai ce duk wannan tsohon yayi ne, yanzu ai sai a ce "yi mini filashin" a ajiye lamba. Gaskiya ne, ni ma yawancin cinikina a WhatsApp yake ƙarewa. Sai dai ka karɓi wayar kwastoma ka ga yadda ya ajiye ka. Mai Sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi tsawon lokaci, a Afrilun 2024, kowa ya koma sola, masu haɗawa kuma suka cika gari, ciki har da wanda jiya caji yake yi a bakin kasuwa. Yanzu a wayar Alhaji akwai Mai Sola, da Mai Sola 2, da Mai Sola Sabo, shi kansa bai san wanne ne ya yi masa aikin ba. Ga waya tana faɗuwa, ana ƙwace ta, ana canza ta, lambobi su tafi. Abin da waya ta canza shi ne tafiyar kati: yanzu hotonsa ake ɗauka a tura. Shi ya sa na fi son farin kati da baƙin rubutu. Masu ruwan zinare a kan baƙi suna da kyau a hannu, amma a hoton da aka ɗauka da ƙaramar waya cikin ɗaki ba abin da ake gani sai ƙyalli. Ɗan zanen nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamara ya kai mutum WhatsApp ɗinka, matasa na amfani da shi, ba laifi a sa shi a kusurwa, muddin bai ci wurin lamba ba.

Lambar asusu ce ban yarda a sa ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba da taransifa, sai masu sana'a suka fara buga asusunsu a kati. Mai sayar da abinci ko mai shago yana da hujja. Mu da ake turo wa kuɗin batir da faranti masu nauyi, gara a yi magana tukuna, a rubuta rasit, a ga sunan da ya fito kafin a tura. Kati yana yawo hannu-hannu, ba ka san wa zai gyara hotonsa ya sa tasa lambar ba.

Babban darasin da na ɗauka wurin maigidana shi ne inda kati ke zama. Wanda aka sa a aljihun riga, wanki ne ƙarshensa. Shi in ya gama aiki, sai ya liƙa sitika mai ɗauke da abin da ke katin a jikin bango, dab da inbata, daidai inda ido zai sauka ranar da ta fara ƙara da tsakar dare. Sannan ya ɗauko kati ya juya bayansa, ya rubuta ranar da aka haɗa, da girman inbata, da yawan batir da ƙarfinsu, misali guda biyu masu 12V 200Ah, da watan da ya kamata a duba ruwansu in na ruwa ne. Yakan ƙara layi ɗaya: a riƙa goge faranti lokacin hunturu, domin ƙurar da ke kwanciya a kai tana rage caji, mutane kuma su ɗauka batir ne ya mutu. Katin da aka yi wa wannan rubutun ba a yar da shi. Ya zama takardar gida, tare da rasit ake ajiye shi. Saboda haka nake ce wa mai bugawa ya yi mini da takarda mai kauri, giram 300, ya sa leda a fuska kawai ya bar bayan haka nan. Biro ba ya kama leda mai sheƙi.

Nakan bar uku a kowane gida. Ɗaya na maigida, wanda aka yi wa rubutu. Ɗaya a miƙa cikin gida, don Hajiya ce ke wuni da wutar, ita ke fara sanin ta samu matsala, kuma a gidan suna ko biki ita ake tambaya yadda ƙanƙararta ba ta narkewa. Na ukun na maigadi ne ko direba. Masu wucewa da suka hango faranti a kan rufi ba sa buga ƙofa su nemi Alhaji, wanda ke zaune a bakin get suke tambaya. In ka gaishe shi da mutunci, ka ce, "Baba, ga wannan ko wani zai tambaya," ka haɗa masa da na goro, ka samu wakili a layin. Haka magina da masu wayarin da masu silin, da suke shiga gini tun kafin a yi zancen wuta. Su ana ba su da yawa, a kuma faɗi la'adarsu tun farko, a cika in aiki ya faɗa.

Rabon kati a taro kuwa bai cika haifar da komai ba. A kasuwar baje koli da cibiyar 'yan kasuwa ta Kano, KACCIMA, ke shiryawa a titin gidan Zu ƙarshen shekara, in ka zaga da yamma za ka ga katuna a ƙasa ana takawa. Wanda ya tsaya ya tambayi ko sola za ta ɗauki firiza, ya saurari amsa, shi ake ba. Kuma ba a fara miƙa kati kafin gaisuwa. A gaisa, a tambayi gida da kasuwa, a ji buƙatar mutum, in za a rabu sai a ba shi da hannun dama. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sayo kaya, ƙasar da galibin faranti da inbatocin da muke haɗawa suke fitowa, suna ba da labarin yadda can ake miƙa kati da hannu biyu, a karɓa da hannu biyu, a tsaya a karanta kafin a ajiye. Karantawar nan na ɗauka. In mutum ya ba ni nasa nakan duba, in kira sunansa, in na koma shago in rubuta a baya inda muka haɗu da abin da ya ce yana nema. Bayan wata biyu in ka kira ka ce, "Alhaji, maganar burtsatsen gonar nan ta hanyar Bichi fa?" sai ka ji muryarsa ta canza.

Harshe ya danganta da masu sayenka. Nawa sunan aiki da Hausa yake, a ƙasa da Turanci. Na ga wani mai sayar da batir da ya sa sunansa da ajami a gefe, saboda dattawan da ke zuwa masa daga ƙauye sun fi sakewa da shi, kuma na ga hikimar hakan.

Sitikar bango tana da nata nauyin, gara mai shiga sana'ar ya sani tun wuri. Lambar da ke kawo maka sabon aiki ita ce ke tashin ka ƙarfe biyun dare an ce wuta ta ɗauke, alhali yara ne suka jona dutsen guga. In ka sa siririyar waya don ka rage kuɗi, ko ka kawo tsohon batir da aka yi wa fenti, sunanka na nan a bango yana jiran duk wanda zai zo gyara ya karanta. Shi ya sa masu aikin sari-ka-noƙe ba sa barin komai a baya, sai dai su ce za su kira. Akwai kuma masu zuwa gyaran fis ɗaya su ɓare taka su liƙa tasu, kamar su suka yi aikin duka. Wannan yana ɓata rai, amma katin da ke tare da rasit yana nan, da rubutun hannunka da kwanan wata.

Yaran da nake yayewa ma da wannan maganar muke rabuwa. Gidajen da suka yi aikinsu tare da ni, musamman na nesa da shago, can wajen Kumbotso da Dawakin Tofa, nakan ce su liƙa tasu sitikar a ƙarƙashin tawa. Ƙananan gyare-gyare da duba ruwan batir nasu ne, kuɗin ma nasu. In za a ƙara faranti ko a koma batirin litiyam, sai su kira ni mu je tare.